Ƙofar da Aka Buɗe da Sunan Keziya

Ran Talata, sha huɗu ga watan Agusta na shekarar 2018, gari ya waye da ruwa. Ba mai ƙarfi ba ne, yayyafi ne irin wanda yake jiƙa mutum a hankali har ya kai ga fata.

Akwai wani mutum da aka ba shi tsaron saba a wani asibitin mishan. Saba ita ce babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin asibitin suke ɗebo bayani daga gare ta, kamar yadda gidajen unguwa suke ɗebo ruwa daga rijiya ɗaya. A cikinta ake ajiye sunan kowane majinyaci, da ciwonsa, da sakamakon gwajin jininsa. Mutumin nan ya san aikinsa. Ya kewaye sabar da katangar tsaro, ya rufe kowace ƙofar da baƙo zai iya biyowa daga intanet, ya ba kowane ma'aikaci sunan shiga da kalmar sirri. Kowa Injiniya yake ce masa. Doka ɗaya yake maimaita musu har suka haddace ta: kada ka ba kowa kalmar sirrinka.

A safiyar nan kwamfutar ɗakin kati ta ƙi magana da sabar. Mai aiki a ɗakin wata mata ce, Keziya, wadda ta yi shekara goma sha ɗaya tana yanka wa majinyata kati. Layi ya yi tsawo har wajen rumfa, mutane suna tsaye cikin ruwa, yara suna kuka a bayan uwayensu. Sai ta aika aka kira Injiniya.

Ya zo, ya zauna a kujerarta, ya duba nan, ya duba can, bai ga matsalar ba. Komawa ofishinsa ya shiga da nasa sunan zai ci lokaci, ga ruwa, ga hayaniyar mutane. Sai ya ce, "Maman Rahila, ba ni kalmar sirrinki."

Ta yi dariya, ta ce, "Injiniya, ba kai ka ce ko maigidana ya tambaya in hana shi ba?"

Ya ce, "Maigidanki ba shi ya gina gidan nan ba. Yi sauri, mutanenki za su cinye mu."

Ta sunkuya ta faɗa masa a kunne. Ya ƙara wa sunanta iko irin nasa, ya buɗe wata ƙaramar ƙofa a katangar tsaron don ya gwada ko ta waje za a iya kaiwa ga sabar. Ya ce a ransa, da zarar na gama zan rufe. Ashe matsalar ba a can take ba. Ɓera ne ya ci waya a bayan kabad. Ya sake wayar, kwamfuta ta tashi, layi ya motsa. Keziya ta buɗe jakarta ta ba shi dafaffiyar masara guda biyu, ya tafi yana ci. Ƙofar kuwa ta zauna a buɗe, da sunan Keziya a kanta.

Bayan mako uku waɗansu mutane daga nesa, waɗanda ba su san asibitin ba, ba su kuma san Keziya ba, suka ga ƙofar suka shiga. Suka kwashe bayanan majinyata, suka kulle abin da ya rage. Kafin wata ya ƙare, sakamakon gwajin jinin mutane ya soma yawo a wayoyin 'yan garin. Wata amarya ta koma gidan iyayenta. Wani malamin makaranta ya daina fita kasuwa.

Injiniya yana da ajiyar bayanan a wani wuri dabam. Cikin kwana biyu ya mayar da kome yadda yake, aka yi ta yabonsa. Amma kwamitin asibitin ya ce sai an gano ta inda ɓarayin suka shigo.

Sabar tana da rajista, inda take rubuta duk abin da aka yi mata, da sunan wanda ya yi, da rana, da sa'a. Injiniya ya zauna shi kaɗai yana bin rajistar layi layi, har ya kai ga wurin. Ya ga rana, ya ga ƙarfe takwas da minti arba'in, ya ga sunan Keziya. Sai ya tuna kujerar, ya tuna masarar. Ya daɗe yana kallon layin nan, hannunsa yana kan gwiwarsa.

Ranar zaman kwamiti aka kira su su biyu. Shugaban kwamitin wani tsohon rabaran ne da yake zuwa daga hedkwatar ikilisiya a wani gari. Ya ce, "Ɗana, mu ba mu san kan waɗannan na'urori ba. Kai ne idonmu. Da sunan wa aka buɗe ƙofar?"

Ya ce, "Baba, da sunan Keziya."

Keziya ta juyo ta dube shi. Ta ce, "Injiniya, ni ko hanyar ƙofar ban sani ba. Ka duba da kyau. Ba ranar da ka zo ɗakina ba ce?"

Ya ce, "Ina shiga ɗakuna da yawa, Maman Rahila. Abin da rajista ta rubuta shi na karanta."

Rabaran ya ce, "Rajistar tana iya yin kuskure?"

Ya ce, "A'a, Baba. Ba ta kuskure."

Aka tambayi Keziya ko ta taɓa ba wani kalmar sirrinta. Ta buɗe baki, ta dubi Injiniya, shi kuwa yana duban takardar da ke gabansa. Ta gane cewa in ta faɗa, maganarta ce da tasa, kuma shi ne wanda ya ceci asibiti. Sai ta fasa faɗa. Aka sallame ta daga aiki a ranar. A gari aka ce ita ta sayar da asirin majinyata. Zumuntar matan ikilisiya ta karɓe littafin da take riƙewa na sakatariya. Ba a daɗe ba ta kwashe 'ya'yanta ta koma ƙauyen mijinta.

Injiniya ya rufe ƙofar. Ya ƙara wa katangar tsayi, ya sa kowa ya sake kalmar sirri, ya zama mai tsanani har ma'aikata suna jin tsoron gaishe shi. Babu baƙon da ya ƙara shiga sabar. Amma aikinsa ne ya duba rajista kowace safiya, kuma bai taɓa buɗe ta ba tare da ya tuna layin nan ba. In ana addu'ar safe a asibiti, bakinsa yana motsi, zuciyarsa tana ɗakin kati.

Bayan shekara biyu, wata rana da hantsi, ya wuce ta gaban ɗakin sai ya ga Keziya a layi, ta kawo surukarta. Ta rame. Tana tsaye tana jira a yanka mata kati a tagar da ta yi shekara goma sha ɗaya tana zama a bayanta. Ya so ya kauce, amma ta riga ta gan shi.

Ta ce, "Injiniya, ina kwana? Ya aiki? Na ji an ce yanzu ko ƙuda ba ya shiga."

Ya ce, "Da godiya. Ya yara?"

Ta ce, "Suna nan. Rahila ta girma. Rannan ta dawo daga makaranta ta tambaye ni ko gaskiya ne ni ɓarauniya ce. Na ce mata a'a. Ta ce to wa ya sani ban da ni? Na ce mata akwai mutum ɗaya."

Layi ya motsa, ta kama hannun tsohuwar suka matsa gaba. Ba ta ƙara waiwayowa ba.

Ya koma ofis ya rubuta wa rabaran saƙon imel, ya faɗi kome, ya aika. Amma saƙonnin asibitin ta sabarsa suke bi, sukan ɗan tsaya a layi kafin su fita. Kafin minti biyu ya shiga da ikonsa ya cire saƙon. Sau uku ya yi haka cikin mako ɗaya. A na ukun ya gane cewa muddin tubarsa tana bi ta hanyar da yake riƙe da mabuɗinta, ba za ta taɓa fita daga ɗakin nan ba. Sai ya nemi takarda da biro, ya rubuta wa rabaran da hannunsa: ni na karɓi kalmar sirrin Keziya, ni na buɗe ƙofar, ni na manta ban rufe ba, na kuma san haka a ranar da kuka tambaye ni. Ya sa hannu, ya liƙe ambulan, ya sa a aljihun rigarsa. Ta kwana goma sha tara a can.

Ma'anar wannan misali ita ce: mantuwar ƙofar ba ita ce babban zunubin mutumin nan ba. Kowa yana mantuwa, musamman in ana sauri. Zunubinsa ya soma ne a gaban kwamiti, inda bai faɗi kalmar ƙarya ko ɗaya ba, amma ya ba da shaidar zur a kan maƙwabciyarsa. An tambaye shi sunan wa, ya faɗi sunan. Ya san cewa abin da suke nema shi ne hannun wa.

'Yan'uwa, mu ma mun iya wannan. Mukan zaɓi gaskiyar da za ta rufe mu, mu faɗe ta da fuska a sake, mu bar wadda za ta kuɓutar da wani. Daga baya mu ce, ai ban yi ƙarya ba. Rajistar mutane sunan mutum kawai take rubutawa. Ubangiji kuwa yana ganin wanda ya zauna a kujerar. Mu lura kuma, mutumin ya ƙara himma a aikinsa bayan haka, amma tsayin katangar bai mayar wa Keziya da sunanta ba. Yawan hidima a ikilisiya ba ya wanke abin da muka ƙi furtawa. Tubar da muke yi a ɓoye, wadda za mu iya janyewa in tsoro ya kama mu, ba ta riga ta zama tuba ba. Sai ta bar hannunmu ta kai ga wanda muka cuta. Kuma kada mu ruɗi kanmu: Allah yana gafartawa, amma shekarun da aka ɗauke wa Keziya ba za su dawo ba, haka ma tambayar da 'yarta ta yi mata. Kowace ranar da muka jinkirta, wani ne yake ɗaukar nauyinta.

Mutumin nan ya san cewa wasiƙar za ta iya raba shi da aikinsa. Bai kuma sani ba ko Keziya za ta yarda ta dawo in an kira ta. A rana ta ashirin, lokacin hutun rana, ya taka da ƙafa zuwa gidan waya. Ya sayi kan sarki ya manna. Ya tsaya gaban akwatin har mai gadin wurin ya ce, "Oga, lafiya? Ko ka manta adireshin ne?"

Ya ce, "A'a, ban manta ba."

Ya tura ambulan ta bakin akwatin, ya sake ta. Ya ji faɗuwarta a ciki.