Hawainiya Malamar Gona

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, kunnuwanmu na jira.

Wata shekara manoman fadama suka kamu da ciwon feshi. Sun ga tsutsa, feshi. Sun ga ƙudan zuma, feshi. Ko inuwar fara ce ta gifta, feshi. Har fadama ta yi tsit. Hawainiya kuwa, da ƙwari ne tuwonta, yunwa ta mayar da ita kamar tsinke.

Sai ta rikiɗe kore shar, ta tafi wurin Sarkin Noma Barmo tana taku irin na manya.

"Ranka ya daɗe, ni malamar gona ce. Yaya kabewa?"

"Fure kamar hauka, Malama, amma ko ɗa guda babu."

"To wa zai kai garin fure daga wannan zuwa wancan? Ƙwarin da ke kaiwar kun feshe su. Ku bar gefen gona da ciyayinsa, ba feshi, ba ƙonawa. Gadi kuwa ni zan yi, don Allah kawai."

Abin haushin shi ne gaskiya ta faɗa. Manoma suka bi. Ƙudan zuma suka dawo, malam-buɗe-littafi ya dawo. Mai gadi ta hau reshe. Wannan ya zo, laƙwam. Wancan ya zo, laƙwam. Kabewa ta ci gaba da zubar da fure, Malama ta ci gaba da yin ƙiba.

Ran nan Barmo ya zo, ya tarar da fiffike maƙale a bakinta.

"Malama, ina ƙwarin?"

"Na adana su a ciki, ranka ya daɗe. Rana ta yi zafi."

Ya ɗaga fartanya. Hawainiya ta yi fari, ta yi toka, launi ya ƙare mata.

"Sare ni. Amma tsutsar da ke cin ganyenka fa? Sai ka koma feshi, zuma su mutu, ka ci fure da miya."

Barmo ya sauke fartanya. "To ke ce maganin. Tsutsa taki ce. Kika taɓa mai fiffike, ni da ke ne."

Ta tsira da ranta. Kabewa ta yi 'ya'ya har jaki na nishi. Malama kuwa tana can tana haɗiyar tsutsa mai ɗaci, ido ɗaya kan zuma, ɗaya kan fartanya.

Ƙurunƙus, ta ƙare. In malami ya ce ku tattala ƙwari, ku tattala. Amma kafin ku ba shi gadi, ku tambayi abin da yake ci.