Ƙafar da Za Ta Je Makka

Akwai wani dattijo a Kazaure, Malam Muhammadu Lawal, tsohon shugaban makarantar firamare. Shekara talatin da biyar yana koyarwa, ya yi ritaya, amma zama ya gagare shi. In ya shiga ɗaki ya fito tsakar gida, in ya fito ya nufi ƙofar gida. Matarsa Zaituna takan ce ko shayi a tsaye yake sha.

Shekarar da Allah ya ba shi kujerar aikin hajji, saura wata biyar a tashi, ya je bitar maniyyata. Mai bitar ya ce musu akwai tafiyar ƙasa sosai a can, kowa ya fara saba wa ƙafarsa tun yanzu, a hankali.

Malam ya ji maganar tafiya. "A hankali" ɗin ce ba ta shiga kunnensa ba.

Washegari da aka idar da sallar asuba ya nufi dutsen da ke bayan unguwarsu, da silifas ɗinsa da suka siɗe. Makon farko sau ɗaya yake hawa. Mako na biyu ya mayar sau biyu. Yana dawowa sai ya tsaya majalisa yana ba abokansa labari, yana cewa su da ke zagaye filin ƙwallo wasa suke yi.

A mako na uku agararsa ta dama, wato jijiyar nan ta bayan dunduniya, ta fara ciwo. Da safe in ya sauko daga gado sai ya ji ta ƙage kamar busasshiyar igiya. In ya ɗan taka ta saki. Da ya fara hawan dutse kuwa sai ta riƙa zugi, kowane taku kamar ana ja da ƙarfe.

Zaituna ta ga yana ɗingishi.

"Malam, ƙafar nan fa ta kumbura. Ka je a duba ta."

"Gajiya ce. Miƙo min man zafi."

Ya shafa, ya ɗaure da tsumma, ya fita.

A kan dutsen yakan haɗu da wani makiyayi, Baffa Daudu, wanda rugarsu ke ɗaya gefen. Tsoho ne siriri, kullum da sandarsa a kafaɗa. Ran nan ya tsaya yana kallon yadda Malam ke hawa, ya gaishe shi, sannan ya ce:

"Malam, kana ɗaga taku da faɗi, kuma miƙe kake hawa. Ƙafar nan tana roƙonka hutu. Ka bar dutsen nan kwana biyu."

Malam ya goge gumi ya ce, "Baffa, Makka za ni. Ba ni da kwana biyun da zan zubar. Kai dai kula da shanunka."

Baffa Daudu ya bi dabbobinsa.

Kwana huɗu bayan nan, Malam yana tsakiyar hawa, ya ɗora ƙafa kan wani falalen dutse ya yunƙura. Wani zafi ya tsarga masa daga dunduniya har sha raɓa. Ya zube a zaune. Ya gwada tashi, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Ya sake gwadawa, ya koma. Wayarsa tana gida. Rana ta fito, dutsen ya fara ɗaukar zafi, ga gari can ƙasa yana hango rufin gidaje amma ba mai jin kiransa.

Ba ciwon ne ya fi tayar masa da hankali ba. Tunanin jirgi ya tashi ba shi a ciki ne.

Sai wajen hantsi ya ji kukan shanu. Baffa Daudu ya tsaya a kansa, ya durƙusa ya duba ƙafar, bai tuna masa maganar ran nan ba.

"Karɓi sandar nan. Ɗaya hannun ka dafa kafaɗata. Ba ta inda ka hawo za mu sauka ba, ta hanyar shanu za mu bi."

Hanyar shanu tana kwana, ta yi dama ta yi hagu, ta fi tsawo amma ba ta da tsauri. Sun fi awa ɗaya kafin su kai ƙasa. Baffa ya tsayar masa da mai adaidaita sahu, sannan ya juya neman shanunsa da suka watse.

A asibiti aka tura shi sashen gashi da motsa gaɓoɓi. Ma'aikaciyar da ke wurin ta miƙe da sauri ta rusuna.

"Malam, Nafisat ce. Ka koyar da ni a aji shida."

Ta matsa jijiyar, ta sa shi ya motsa ƙafar, ta yi masa tambayoyi. Sannan ta ce:

"Alhamdu lillahi ba ta tsinke ba, amma ta ji jiki. In ka ci gaba da matsa mata tana iya tsinkewa. In ta tsinke, watanni za ka yi ba ka taka ta sosai ba. Ka ga hajjin bana ke nan."

Malam ya ce, "To me zan yi? Ki faɗa, yau zan fara."

"Abin da za ka fara shi ne bari. Sati shida ba hawan dutse. Ka yar da silifas ɗin nan, ka sa takalmi mai ɗan tudu a dunduniya. In zafin ya lafa, tafiya kaɗan a shimfiɗaɗɗen wuri. Safe da yamma ka dafa bango, ka ɗaga dunduniya ka tsaya kan yatsu, ka sauke a hankali. In ka tashi da safe ka ji ciwon ya fi na jiya, to ka yi yawa, ka rage."

"Sati shida, Nafisat?"

"Shida, Malam."

Waɗannan makonni sun fi masa hawan dutsen wuya. Ya zauna ya tashi. Ya kunna rediyo ya kashe. Ya dafa bango yana ɗaga dunduniya yana tsaki, wai shi da ya riƙe makaranta guda an mayar da shi ɗan rawa.

A sati na uku ciwon ya yi sauƙi. Da asuba ya sa takalmi, ya lallaɓa zai fita. Zaituna ta ce daga kan dardumarta:

"Ba zan tare maka ƙofa ba, Malam. Amma ka zaɓa, dutsen Kazaure ko Safa da Marwa."

Ya fita duk da haka. Ya je har gindin dutsen, ya tsaya yana kallon hanyar da ya saba bi, ƙafafunsa na ƙaiƙayin hawa. Ya daɗe a tsaye. Daga nan ya juya, ya tafi filin ƙwallo, ya bi sahun abokan da yake yi wa dariya. Suka matsa masa wuri.

Bayan sati shida Nafisat ta yarda ya fara da ƙaramin tudu, gajeren taku, kwana ɗaya hawa kwana biyu hutu. Haka ya bi har ranar tafiya.

A Makka ya yi ɗawafi da ƙafarsa. Ya yi Safa da Marwa sau bakwai, matasa na wuce shi, yana tafe a natse. Da ya kammala ya jingina da bango hawaye na zuba, ya kira gida.

"Yaya ƙafar?" Shi ne abin da Zaituna ta fara tambaya.

"Ta kawo ni, Zaituna. Wallahi ta kawo ni."

Darasi: Ciwo saƙo ne daga jikinka, kada ka danne shi da taurin kai. Gaggawa tana iya raba ka da abin da kake gaggawar dominsa, kuma wanda ka raina shawararsa yau yana iya zama wanda zai sauko da kai gobe. In agararka na ciwo wajen hawa, ka sassauta, ka je a duba ka. Ku tura wa iyayenmu da ke shirin tafiya, da duk wanda kuka san ba ya iya zama wuri ɗaya.