Mai Bisharar da Ya Ƙi Aron Mutane

An yi wani mutum, wani bawan Allah, tun zamanin kakanninmu, ana ce masa Malam Irmiya. Manomi ne, bai yi wani dogon karatu ba. Ya dai iya karanta Maganar Allah da Hausa, ya iya waƙoƙin sujada. Da ikkilisiyarsu ta nemi wanda zai kai bishara can ƙetaren iyaka, wani garin masunta a bakin babban kogi, kowa ya sunkuyar da kai. Shi ya miƙe. Aka ɗora masa hannu, aka yi addu'a, ya ɗauki matarsa Tabita suka kama hanya.

Ku saurara, 'yan'uwa, ku ji irin wurin da ya je. Mutumin da ya tashi da fartanya a kafaɗa, sai ga shi cikin mutanen da kwale-kwale ne gonarsu. Bai iya iyo ba. Ba ya jin harshensu. In ya yi gaisuwa, mata su rufe baki suna dariya. Babu dawa, babu kuka, babu daddawa, kifi da safe, kifi da yamma. Ba su kore shi ba, ba su zage shi ba. Sun yanka masa fili a bayan gari, suka ci gaba da harkarsu kamar ba ya nan.

Ya kwaɓa ƙasa da ƙafarsa, ya gina 'yar majami'a, ya yi mata jinka, ya jera kututturan giginya don zama. Kowace Lahadi sai ya buga wani guntun ƙarfe da ya rataye a bishiya, ya tsaya a ƙofa yana duban hanya. Ba kowa. Sai ya shiga, Tabita ta zauna a gaba, ya yi mata wa'azi kamar ɗakin a cike yake. Ita ce mawaƙa, ita ce mai amsa amin.

Ana nan, wata damina kogi ya yi ambaliya, hanya ta yanke, zazzaɓi ya kama Tabita. Ta cika a hannunsa. Mutum ɗaya ne ya zo, maƙwabcinsa, wani tsohon masunci mai suna Ngarta, wanda yakan ajiye musu kifi a bakin ƙofa ya wuce. Su biyu suka haƙa kabari a bayan majami'a. Malam Irmiya shi ne mai makoki, shi ne mai addu'a. Ya ta da waƙa, murya ta karye masa a tsakiya, babu wanda zai kama masa.

Daga nan fa sai shi kaɗai. Lahadi ta zo, ya buga ƙarfe. Wata Lahadin ta zo, ya buga ƙarfe. Kututture yake yi wa wa'azi. In kewar Hausa ta ishe shi, sai ya tafi gona ya ce wa kansa, "Sannu da aiki, Malam," ya amsa wa kansa, "Yauwa, sannu kadai." Sannu a hankali harshen garin ya zauna a bakinsa. Ya wanke wa masu gyambo gyambonsu, ya koya musu shuka a tudu, har suka saba da shi. Amma da ya kawo zancen Almasihu sai su ce, "Baƙo, maganarka da daɗi, amma mu kogi muka gada."

Shekaru suka tura. Ran nan wani falke mai sayen bandar kifi ya kawo masa saƙo daga gida: Rabaran da dattawan ikkilisiya suna tafe su ga aiki. In babu amfani, za a rufe wurin a mai da shi gida.

Labari ya kai kunnen Ngarta. Ya zo ya tarar da shi yana shara, ya zauna a kan kututture.

"Baƙo, na ji manyanka suna zuwa."

"Suna zuwa, Baba."

"In suka tarar da ɗakin nan wayam fa?"

"Za su tafi da ni."

Tsoho ya gyara zama. "To, ji nan. Ina da 'ya'ya, ina da jikoki, ina da surukai. Ranar zan kwaso su kaf mu cika maka ɗakin nan. Ka koya mana waƙa guda, ka nuna mana inda ake rufe ido. Manyanka su gani, su ji daɗi, su koma. Kai ka zauna kusa da matarka, mu kuma mu koma kogi. Wa aka cuta?"

Jama'a, kada ku yi saurin cewa abin mai sauƙi ne. Ba maƙiyi ya kawo masa wannan gwaji ba, masoyinsa ne, shi kaɗai da yake da shi. Malam Irmiya ya dubi kututturan nan, ya ga yadda za su yi kyau da mutane a kai, ko da sau ɗaya ne a rayuwarsa. Zuciya ta ce masa, "Wa ya sani, in suka zauna, ko Maganar ta shiga wani?" Ya tuna kabarin da zai bari, ba mai cire masa ciyawa. Ya jingine tsintsiya.

Can ya ce, "Baba, a garin nan babu wanda ya so ni kamarka. Amma ba zan iya ba. Ƙofar nan a buɗe take, duk ranar da ka so shiga don kanka, zan yi murnar da ban taɓa yi ba. In kuwa na are ku, manyana za su ga mutane, Wanda ya aiko ni zai ga ƙarya. Kai ma, gobe in na ce maka abin da nake faɗa gaskiya ne, da wane kunne za ka saurare ni?"

Ran tsoho ya ɓaci. Ya miƙe ya ce, "Ashe dai ba ka son zama da mu." Ya fita.

Baƙi suka iso. Ranar Lahadi ya buga ƙarfe, suka zauna suna duban ƙofa har rana ta take. Rabaran ya ce, "Malam, ina mutanenka?"

"Babu, Rabaran."

"Ko mai shirin baftisma?"

"Ko ɗaya."

Wani dattijo ya girgiza kai ya ce, "Duk shekarun nan?" Malam Irmiya ya ce, "Duka, Baba." Bai kawo uzuri ba, bai ɗora wa kowa laifi ba. Suka ce ya haɗa kayansa. Ya je ya nome kabarin Tabita tas, ya ɗaure 'yan komatsansa. Ngarta ne ya haye da su kogi. Suka kai gaɓa. Da za su rabu ya riƙe hannun Malam Irmiya gam, ya daɗe, sannan ya saki ya juya kwale-kwalensa.

A gida aka ba shi sharar majami'a. In ya wuce, sai a rage murya a ce, "Shi ne wanda ya je ya dawo hannu wofi." Yana ji. A haka ya tsufa, a haka ya koma ga Ubangijinsa, yana zaton bai yi komai ba.

Bayan rasuwarsa, sai ga wasu baƙi biyu sun iso garinsa a ƙafa, Hausarsu da kyar, suna tambayar Malam Irmiya. 'Ya'yan Ngarta ne. Babban ya ce, "Da mahaifinmu zai mutu ya tara mu. Ya ce, mutumin da ya yarda ya rasa komai don kada ya yi ƙaryar yini guda, ba zai bar ƙasarsa ya zo ya yi mana ƙaryar shekaru ba. Ya ce mu nemo shi ya ƙarasa mana maganar."

Aka kai su kabarinsa. Suka zauna a ƙasa suka yi kuka. Da suka tashi suka ce, "To, ku ba mu wani irinsa." Daga bakin mutanen nan biyu ikkilisiya ta kafu a bakin kogin.

'Yan'uwana, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Allah bai ce mu nuna masa ɗaki cike ba, aminci ya nema a wurinmu. Ke uwa da kike yi wa ɗanki addu'a ba ki ga canji ba, kada ki gaji. Kai da aiki ya jefa cikin baƙin mutane, ba mai amsa maka amin, tsaya a kan gaskiyarka, ana kallonka ko ba a gaya maka ba. Ku kuma da kuke aron hali ranar Lahadi ku mayar ranar Litinin, wa kuke ruɗi? Gara ku zo gaban Ubangiji hannu wofi da gaskiya, da ku zo da kayan aro. Mai yiwuwa ba za ku ga amfanin da idonku ba, kamar yadda Malam Irmiya bai gani ba. Amma Wanda ya aike ku yana gani. Mu sunkuyar da kai mu yi addu'a.