Sunan Jaririn Barau

Ku matso kusa. Kai mai gyangyaɗi, wartsake, yau akwai gardama.

Barau mahaƙin kuza ne. Wata azahar da damina yana can ƙasan rami mai gaba sittin, sai ruwa ya ɓalle. Tsakaninsa da lahira famfo ɗaya ne mai zuƙe ruwa, shi kuwa da lantarki yake aiki. Ruwa ya kai masa ƙirji. Tsawa ta faɗi, fitila ta dushe, famfo ya shaƙe, Barau ya yi kalmar shahada. Sai kuma famfon ya ci gaba da zuƙa! Kwana biyu da fitowarsa matarsa ta haifi namiji, ya rantse sunan wanda ya riƙe wutar nan zai sa masa.

Ya tafi tashar lantarki da ke bakin madatsar ruwa. Da ya ga injunan, kowanne ya fi rumbu, ƙasa na rawa ƙarƙashin ƙafarsa, sai ya tsaya baki buɗe. Shugabar wurin, Injiniya Asabe, ta ce, "Malam, duk injunan ƙasar nan tare suke juyawa, kamar mata masu lugude. Ɗaya ya kuskure, taɓare su haɗu, ƙasa duka ta yi duhu." Barau ya ce, "Ikon Allah!" Da ya tambayi wanda ya riƙe wuta ranar, sai ta nuna masa mutum uku.

Zakari ke lura da nauyin wutar da ake ɗora wa layi a hankali. Tun safiyar ranar ake ta matsa masa ta waya ya ƙara, ya ce kowane layi da iyakarsa, ba zai cika shi fal ba. Ya sha zagi. Da ya cika, da tsawar ta tarar ba sauran sararin ɗaukar wutar layin da ta buga.

Ya'u kuwa ranar ba ya ma nan, yana gida yana cin tuwo. Amma shekara bakwai da suka wuce shi ya saita na'urar da ta yanke layin da tsawa ta buga, kafin ƙiftawar ido. Da ta makara daƙiƙa guda, shi ke nan.

Bayan yankewar, injuna suka shiga tangaɗi, wannan ya yi gaba, wancan ya yi baya, abin na ƙaruwa. Haladu ya dinga rage ruwan da ke juya su yana ƙarawa kaɗan-kaɗan, gumi na zuba, har suka koma bugu ɗaya.

Barau ya dube su, hawaye ya zubo masa. Rago yana ɗaure, an raba goro, gobe da asuba liman zai tambaye shi, jariri kuma ɗaya ne tak.

To, jama'a, ku fid da shi kunya: Zakari, Ya'u ko Haladu, sunan wa za a raɗa wa yaron?