Sawun Dukhan a Kan Rawani

Akwai wani mutum a ƙauyenmu, kusa da kogin Gandak, sunansa Dukhan. Zamanin Turawan Ingila ne, lokacin da suke tilasta wa manoma shuka baba don yin shuni. A raba gonarka kashi ashirin, uku na Bature ne, kuma shi zai zaɓa. Baba kuwa ba a cin sa.

Dukhan yana da amini, Jagarnath. Tun suna samari suka yi musayar rawani a gaban dattawa. A wurinmu wanda ka yi haka da shi ya zama ɗan'uwanka na jini, har mutuwa.

Sai Baturen shuni ya ɗauki Dukhan aiki, ya ba shi sanda da ɗamara mai tagulla. Tafiyarsa ma ta canza. Mata a bakin rijiya suka sa masa suna Ƙaramin Bature.

Jagarnath yakan tsokane shi. "Yaya, da ɗamarar nan kake wanka? Sassauta ta mana, abinci ya sami hanya."

"Ka iya bakinka, ina bakin aiki," in ji Dukhan.

Jagarnath yana da wata 'yar fadama a bayan kurmin gora. Shinkafarta ke riƙe da gidansa, baki takwas. Ba a ganin ta daga hanya. Dukhan ya san ta, don tare suka sha nome ta.

Ranar awo Bature ya zo a kan doki. Aka auna gonar Jagarnath ta tudu, mai tsakuwa. Ya ce, "Iyakarta ke nan?"

Ba Dukhan aka tambaya ba, amma shi ya amsa.

"Ranka ya daɗe, akwai fadama a bayan gora."

Jagarnath bai kalli Bature ba. Ya kwance rawaninsa a gaban jama'a, ya ajiye a ƙafar Dukhan. Namiji ba shi da roƙon da ya wuce wannan.

"Yaya, naka ne. Kai ka naɗa mini shi. Dube shi."

Bature ya yi dariya, ya tambaya mene ne wannan.

"Tsumma ne, ranka ya daɗe," in ji Dukhan.

Ya taka ya wuce da igiyar awo. Daga wurin jiƙa baba ya fito a ranar, ƙafarsa duk shuni. Sawun ya zauna a kan farin yadin.

Dattawa suka zauna suka yanke hukunci. Ba mai ba Dukhan ruwa, ba mai zama tabarma ɗaya da shi, wanzami ba zai taɓa kansa ba. Dukhan ya ce ai gidan Bature akwai rijiya.

Shekara ta biyu ruwa ya yi gardama. Gonar tudu ba ta ba da komai ba, fadama kuma cike da baba. Matar Jagarnath ta rasu kafin kaka.

Bayan shekara huɗu uwar Dukhan ta rasu da safe, ana tsakiyar zafi. Kafaɗa huɗu ake bukata a kai gawa bakin kogi a ƙone ta, bisa al'adarmu. Ya bi gida-gida. Ƙofofi a rufe.

Ya ruga gidan Bature ya roƙi mutum uku. Bature yana karin kumallo, bai fito ba. Kuku ya kawo saƙo: yau ana yankan baba, ba a taɓa leburori. In kuma bai dawo aiki da azahar ba, ya aiko da ɗamara.

Ya koma ya zauna a ƙofar ɗaki yana kore wa uwarsa ƙuda. Rana ta take.

Sai ga Jagarnath, ya rame, da manyan 'ya'yansa biyu, sun saɓo gora da igiya na haɗa makara. Rawanin nan ne a kansa, sawun shuni daidai goshi.

Dukhan ya faɗi zai kama ƙafarsa.

"Tashi, Ƙaramin Bature, rana na yi. Inna ba ta taka rawanin kowa ba. Kama gaba, kai ne ɗanta."

Suka kai ta. Dukhan bai koma aikin ba. Bai kuma ƙara iya haɗa ido da Jagarnath ba, har suka tsufa.

Dukhan kakana ne. Da Jagarnath zai mutu ya aiko masa da rawanin, ba tare da wata magana ba. Yana cikin akwatina yanzu. Mata uku na gidanmu sun wanke shi, sawun bai fita ba. Ban taɓa naɗa shi ba, na kuma kasa yar da shi.

Yara suna tambayata yadda Turawa 'yan kaɗan suka mallake mu, mu da yawanmu. Ba na doguwar amsa. Baturen nan bai san inda fadamar take ba. Mu muka nuna masa.

Darasi: Kada ka sayi yardar mai mulki da mutuncin ɗan'uwanka. Ranar da za a ɗauki gawa a gidanku, wanda ka taka shi ne zai zo, wanda ka yi wa fadanci yana can yana karin kumallo. Ku tura wa duk wanda aka ɗaura wa ɗamara ya fara manta gida.