Ƙofar Gizo Mai Kallon Daji

"To, ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

Wata shekara Bushiya ta tara dabbobi, ta ce a gina ɗakuna bakwai a kewaye, tsakar gida ɗaya, turmi ɗaya, kowace ƙofa tana kallon 'yar'uwarta. Doka ɗaya ce tak: gari na wayewa kowa ya naɗe asabarin ƙofarsa. Wanda aka ga nasa a sake har hantsi, a leƙa shi, ba lafiya ba.

Gizo uban rowa ya ce ya yarda. Amma da ya zo gina nasa, sai ya juya ƙofar ta kalli daji, don kada a ga buhunan gyaɗar da ya jibge har rufi.

Kaza ta zagayo ta cikin ƙaya. "Gizo, sam min wuta."

"Ta mutu!"

Akuya ta zagayo. "Gizo, ara min tsintsiya."

"Ta ɓata!"

Bushiya ta zagayo. "Gizo, mun kwana lafiya?"

"Wa ya aiko ki?"

To, wa zai koma? Kowa ya kama gabansa.

Ran nan Gizo ya zaro buhun da ke can ƙasa, don wauta. Sauran suka rufto masa a ƙugu, rim! Ya yi ihu, daji ya sha. Kwana ɗaya, kwana biyu, ba ruwa, ba motsi. A tsakar gida kuwa asabari shida a naɗe, na bakwai babu mai ganinsa. Wallahi na tausaya masa.

Rana ta uku Kaza na tono a gindin bangonsa, sai ta ɗaga kai. "Jama'a, kwana uku ban ji ƙarar ɓare gyaɗa ba."

Akuya ta ja da baya ta tunkuyi bangon, sau ɗaya, sau biyu, a na uku ya ɓurme. Suka jawo Gizo, ƙugu ya koma kamar zare, ga shi nan har gobe.

Da ya sha ruwa, ya ji yadda Kaza ta gano shi, ya ce, "Ashe kun san da gyaɗar?"

Bushiya ta ce, "Tun ranar farko. Mu ba gyaɗarka muke zuwa dubawa ba, kai muke dubawa."

Gizo bai toshe ɓurmin nan ba. Asabari ya rataya masa.

Kun ji, yara: wanda ya ɓoye wa maƙwabta abincinsa, har ciwonsa ya ɓoye musu.

Ƙungurus kan kusu, na sauke muku ita.