Ranar da Na Ƙaryata Yayana a Asibiti

Yayana Gwadabe wanzami ne a Indabo. Mutum ne mai kyauta, amma ba ya son a ce wani abu ya sami gidansa. Ko akuyarsa ce ta mutu, sai ya ce sayar da ita ya yi.

A gidansa nake zaune tun da aurena ya mutu, a nan kuma ɗana Haladu ya rasu yana ɗan shekara biyar. Wuyansa ne ya kumbura, numfashi ya gagara, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. Bayan sadakar uku Yaya ya tara mu ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare. Kada in ji zancen ciwon wuya a waje. In aka ce gidan wanzami da cuta, wa zai kira ni askin suna?"

Ba a yi sati biyu ba 'yarsa Murja ta kwanta da zazzaɓi, ko koko ba ta iya haɗiyewa. Uwarta tana jego, don haka ni na riƙe ta a bayan babur ɗin Yaya har wani ƙaramin asibiti a Wudil.

Ma'aikaciyar da muka tarar sunanta Mas'uda. A wayarta akwai manhaja ta intanet. Tana karanta tambaya, a amsa, ta shigar, ita kuma manhajar ta faɗi gwajin da ya kamata a yi wa yaro. Murja ta datse haƙora, ta ƙi a leƙa bakinta.

Mas'uda ta ce, "Baba, akwai wani yaro a gida ko maƙwabta da ya yi irin wannan ciwo kwanan nan?"

Yaya ya gyara hula ya ce, "Babu. Gidana lafiya lau."

Ta danna, ta ce, "To, za a gwada zazzaɓin cizon sauro, a ba ta magani. In bai sauka ba ku dawo bayan kwana uku."

Kwana uku! Haladu a kwana na huɗu ya daina magana. Na ce, "'Yar nan, goge ki sake."

Yaya ya daka mini tsawa, "Auta!"

Na ce, "Ka yafe mini, Yaya. An fitar da ɗaya daga gidan nan, ba zan zauna in ga na biyu ba."

Na faɗa mata komai. Tana canja amsar, fuskar wayar ta koma ja. Ta ce in riƙe Murja da ƙarfi, ta danne harshenta, ta haska tocila. Ga wani farin abu ya lulluɓe maƙogwaron. Ta dangwalo shi da auduga don gwaji, ta rubuta takardar tura mu Kano nan take.

Yaya ya ce, "Ɗazu ta ce sauro, yanzu ta ce Kano. Wannan waya ba ta da magana ɗaya."

Mas'uda ta ce, "Baba, ai ba ta taɓa zuwa gidanku ba, abin da kuka faɗa mata ta sani. Ku ma ba kwa yin aski sai an cire hula."

A Kano aka ce ciwon mashaƙo ne. Tun kafin sakamako ya fito aka fara yi mata allura. Washegari ma'aikatan lafiya suka shiga unguwarmu da magani da rigakafi, suka sami yara biyu da ciwon ya fara kamawa. Duk sun tashi.

Kwana tara Yaya bai ce mini uffan ba. Ranar da muka dawo, Murja ta cinye malmalar tuwo ta nemi ƙari. Ya daɗe tsaye a bakin ɗakina yana kallonta, sannan ya ce, "Auta, da wayar nan aka kai mata Haladu fa?"

Na ce, "Da mu ne za mu amsa tambayoyinta, Yaya."

Jama'a, na'ura komai iyawarta ba ta wuce gaskiyar da aka ba ta. In ma'aikacin lafiya ya tambaye ku wa ya yi ciwo a gida, ku faɗa, ko da babba ya hana. Surutun mutane kwana biyu ne ya wuce, amma yaron da aka rasa ba ya dawowa.